Likitan Aljihu da Ƙafar Mai Shayi

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani. Ni ban zauna a aji ba, ban iya riƙon biro ba. Autata Rabi ce ke rubutawa ina faɗa, na kuma ce mata kada ta yi wa maganata kwalliya. Na saba yi wa jikoki tatsuniya, amma wannan ba ita ba ce. A gidanmu ya faru, nan Kurudu. Ina faɗa ne domin wadda mijinta ko ɗanta ke da ciwon suga, aka miƙo mata waya aka ce ga likita.

Maigidana mai shayi ne. Tun Kurudu tana gonaki da 'yan gidaje jefi-jefi ya kafa teburinsa a bakin hanya, har duk unguwa ta manta sunansa, sai Baba Mai Shayi. Leburori, 'yan acaba, masu gadi, duk a bencinsa suke karyawa. Mutum ne da bai iya cin abu shi kaɗai ba, bai kuma iya cewa a'a ba.

Ciwon ya daɗe a jikinsa kafin mu san sunansa. Ƙishirwa ba ta ƙarewa, buta ba ta hutawa, riga tana yi masa yawa. Muka ce tsufa ne. Sai wata safiya bayan ƙaramar salla ya shigo gida, na ga jini a silifas ɗinsa.

Na ce, "Malam, me ka taka?"

Ya ce, "Ni? Ban taka komai ba."

Ya ɗaga ƙafar yana kallonta kamar ta wani. Garwashi ne daga murhun shayi. Ya huda robar takalmin, ya ƙone shi a ƙarƙashin babban yatsa, mutumin nan bai ji ba.

Babban ɗanmu Ɗanlami direba ne a wani ofis a cikin gari. Shi ya ɗauke mu zuwa wani asibitin kuɗi inda ogansa ke zuwa. Aka wanke, aka naɗe, aka ɗebi jini. Likitan ya yi magana uku, ukun kuma suka zauna mini a kai har yau. Ya ce, "Suga ya kashe jijiyar da ke kai labarin zafi. In sugan bai sauka ba, gyambon ba zai haɗe ba. In bai haɗe ba, za mu yanke."

Za mu yanke. Da kalmar nan na shiga mota, da ita na sauka.

Kafin mu fito, wata yarinya mai fara'a ta zaunar da mu. Ta ce akwai sabon tsari, ba sai mun riƙa shan wahalar hanya ba. Ta ba mu wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba, wadda ake tsira yatsa a ɗiga mata jini a kan 'yar takarda, ta nuna lamba. Ta karɓi wayar da Ɗanlami ya saya wa ubansa, ta sa wani abu a ciki. Ta ce sunansa ƙirƙirarriyar basira, wai yana koyon jikin mutum har ya san shi fiye da yadda ya san kansa. In ya ga kore, lafiya. In ya ga ja, shi zai gaya wa likita a kira mu. Kowane wata a biya.

Na ce, "'Yar nan, wa ke cikinta?"

Ta yi dariya ta ce, "Mama, ba kowa. Lissafi ne kawai."

Na ce, "Abin da ba kowa a cikinsa, in ya yi kuskure wa zan riƙe?"

Ɗanlami ya taɓa ni ya ce, "Inna, don Allah."

Malam ya dangwala yatsa a kan wata takarda inda aka nuna masa, muka taho.

Satin farko gidanmu ya zama wani iri. An hana Malam tsayuwa, tebur ya tashi, aka jingine tukunyar shayi a bayan ɗaki. Wayar kuwa kowace safiya sai ta yi sallama da Hausa irin ta rediyo, murya ba ta namiji ba, ba ta mace ba. Ta tambayi abin da ya ci, ta tambayi ko ƙafar na yi masa zafi. Shi kuma ya amsa mata da ladabi kamar yana gaban alƙali, ya ce babu zafi. Gaskiya ya faɗa, ƙafar da ba ta ji garwashi ba me za ta ji. Ya raɗa mata suna Likitan Aljihu. Ni ban taɓa amsa sallamarta ba. Abin da ba ya numfashi, ban ga dalilin gaisawa da shi ba.

'Yan uwa suka fara aiko da nasu. Yayarsa Goggo Hansai ta bugo daga ƙauye ta ce a jiƙa sassaƙen maɗaci. Wani ya ce hulba, wani ya ce ruwan shuwaka kafin karin kumallo, wani ya ce a bar ƙwayar asibiti gaba ɗaya don ita ke cin ƙoda. Na dafa zogale, na koma yin tuwon alkama da acca, sauran na ce na gode. Gyambon nakan wanke shi da ruwan gishiri yadda aka koya mini, in naɗe. A lokacin lambar ja ce kullum, Malam kuma ya zauna a ɗaki ya yi jugum. Ba gyambon ne ya fi cin sa ba. Mutum ne da ya saba buɗe ido a tsakiyar mutane, ga shi daga shi sai ni sai bango.

Ana nan ana nan, sai ya ce a fitar masa da benci ƙofar gida ya sha iska. Aka fitar. Tsofaffin abokan cinikinsa suka fara tsayawa gaisuwa. Wata safiya yana tsira yatsansa a nan waje, sai ga Sunday mai faci, wani ƙato da ke gyaran taya a bakin titi.

Ya ce, "Oga Baba, ka bar shayi ka koma dokita? Abeg, auna ni mu gani."

Malam ya ce, "Kai da kake cin burodi biyu, me za a gani in ba masifa ba?"

Aka yi dariya, aka aika kemis aka sayo sabuwar allura da takarda, aka tsira Sunday. Lambar da ta fito ta fi ta Malam. Sunday ya dafe kai yana ihu, yana kiran lambar da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo.

Ba a yi azahar ba sai ga waya daga asibitin. Wata yarinya ta ce sun ga suga ya hau ƙwarai yau, me Baba ya ci? Malam ya ce kunu ne ba sukari. Ta yi masa faɗa a hankali, ta ce ya kiyaye.

Da ya ajiye na ce, "Ka gani? Ka ga abin da nake faɗa? Sunday ya yi ihu a waje, ta ji, ta kai. Abin nan kunne ne aka ajiye mana a gida."

Daga ranar na ɗaura yaƙi da wayar. In ba lokacin da za ta yi tambayoyinta ba, sai in naɗe ta a tsumma, in jefa cikin tsohuwar kwalla, in rufe, in tura ƙarƙashin gado. Ba a maganar aure, ba a maganar gado, ba a maganar kowa sai tana ciki. Na tsare kunne. Ban san ba ta kunne take ji ba. Ita 'yar na'urar awon, da nake wa kallon ma'auni kamar mudu, ita ce mai kai rahoto. Duk jinin da aka ɗiga mata sai ta adana, da an fito da waya ta raɗa mata, ba igiya, ba ƙara. Ba wanda ya zaunar da mu ya faɗa mana haka da bakin da za mu gane.

Sunday ya tafi asibiti aka sa shi a magani, har yau yana cewa Baba ne ya ceci ransa. Wannan alheri ne, ba zan ɓoye shi ba. Amma labarin ya bazu. Kafin sati ya zagayo, bencin ya cika fiye da zamanin shayi. Kowa ya biya kemis ya sayo allurarsa da takardarsa, ya zo ya miƙa yatsa. 'Yan acaba masu jini a jika, leburori, masu tura ruwa, har matan layinmu. Malam ya sa tabarau, ya goge yatsa da auduga, ya tsira, ya duba, ya yanke hukunci.

"Kai lafiyarka ƙalau, tashi ka ba wani wuri."

"Kai kuwa rage lemon kwalba, na ga idonka."

Na ga mijina ya dawo. Yana dariya, yana tsokana, yana cin abinci. Wace mace ce za ta ga haka ta hana? Shi kansa kuwa ya rage tsira nasa yatsan. Ya ce yatsun sun yi tsami, takardar ma tsada gare ta, gara ya yi jefi-jefi.

Likitan Aljihu ya shiga yabo. Kullum sai ya ce sannu da ƙoƙari, ana aunawa a kai a kai. Ja ta koma ruwan ɗorawa, ruwan ɗorawa ta koma kore. Ɗanlami, da shi ma ake nuna masa a tasa wayar, ya zo ranar Lahadi da fara'a har kunne.

Ya ce, "Inna, kin ga abin da kike zagi? Duba nan. Kore shar."

Na ce, "Na ga kore. Zo ka ga ƙafa."

Na kwance masa. Bakin gyambon ya yi duhu, yana ruwa. Ya ɗan yamutsa fuska ya ce ai gyambon mai suga haka yake, a hankali yake haɗewa, tunda suga ya sauka sauran mai sauƙi ne. Ni ma na so in yarda. Wallahi na so.

Sai saƙo ya zo cewa ranar da aka ba mu ta komawa an ɗaga ta, tunda Baba na cikin waɗanda suka samu sauƙi, a bar layi ga masu ja. Bayansa wani saƙon ya zo cewa likita ya duba lissafi ya yarda a rage ƙwaya ɗaya. Malam ya yi hamdala. Goggo Hansai ta ce maɗacinta ne, ko da yake ko sau ɗaya bai sha ba.

Kwanci tashi, buta ta koma aikinta na da. Ƙishirwa ta dawo. Na ga kiyashi na taruwa a bakin makewayi. Na faɗa wa Malam, ya ce, "Ke dai ba kya son abin nan tun farko." Na faɗa wa Ɗanlami, ya ce zai kira su, da ya kira aka ce masa lissafi bai nuna abin tsoro ba, a ci gaba da wankewa. Duhun ya bar ƙarƙashin yatsa ya hau sama. Na ƙara gishiri, na ƙara turare a ɗaki. Kowa na ganin waya, ni kaɗai ke ganin ƙafa, har na fara zargin idona.

Wadda ta fasa abin maƙwabciyarmu ce, Maman Blessing, mutuniyar Filato mai sayar da doya. Ta shigo da hantsi aron turmi, ta tarar ina kwance bandeji, Malam na kwance yana rawar sanyi. Ta ja baya ta toshe hanci da gefen zane.

Ta ce, "Mama! Wannan ƙafa ya lalace! Tun yaushe?"

Na ce, "Waya ta ce da sauƙi."

Ta ce, "Waya yana da hanci? Babana haka ya yi, mun tsaya jira, mun binne shi. Ku tashi yanzu yanzu. Ba wurin masu waya ba, Gwagwalada."

Ba ta jira amsata ba. Ta fita tana ƙwala wa Sunday kira, Sunday ya tare motar wani abokin cinikinsa, suka ciccibi Malam. Hanyar Gwagwalada da nisa, ga cunkoso, ga rana. Kansa na kan cinyata, yana ta ce mini a ba mutanen benci haƙuri, yau ba awo.

A babban asibitin Gwagwalada mun sha layi. Layin kati, layin biya, layin jini, ga marasa lafiya har a baranda. Ɗanlami ya iso da kayan aiki a jikinsa yana gumi. Wata ma'aikaciyar jinya ta zo wucewa, ta ji warin, ta tsaya, ta ɗaga zanen, ta ce a shigo da wannan tukuna. Ban san sunanta ba. Allah ya san shi, Ya saka mata.

Likitar mace ce, ƙarama, ba ta fi Rabi ba. Ta sa aka yi wani awo da ta ce yana nuna sugan watannin baya, ba na yau kaɗai ba. Da sakamako ya fito, Ɗanlami ya miƙa mata waya ya ce ba zai yiwu ba, ga shaida. Ta daɗe tana ja da yatsa tana dubawa. Sai ta jawo kujera ta zauna daidai kan Malam.

Ta ce, "Baba, wannan jinin mutum nawa ne?"

Malam bai gane ba. Ta ce a safiya ɗaya an auna sau da yawa a jere, kowanne da lambarsa, jikin mutum ɗaya ba ya haka. Sai ya fara lissafa mata da muryar zazzaɓi, yana murmushi, don a ganinsa abin kirki yake faɗa. Wane ɗan acaba, wane mai ruwa, matar wane. Yana ambata, fuskar Ɗanlami na canzawa.

Ta ce, "Baba, na'urar ta ɗauka duk kai ne. Lafiyarsu ta rubuta maka."

Malam ya juya fuska bango.

Na ce, "Likita, an ce mana abin nan basira gare shi, ya san jikin mutum. Wata da watanni yana shan jinin samari yana cewa na tsoho ne. Bai taɓa tsayawa ya ce anya ba?"

Ta ce, "Mama, watakila ya tambaya. A duba."

Aka duba, aka samu. Saƙo ne da Turanci, ƙanana-ƙananan rubutu, ya shige tsakanin tallan masu ba da rance da na masu caca. Wai an ga awo da ba a saba gani ba, a tabbatar mutum ɗaya ke amfani da na'urar. Ba wanda ya amsa, shi kuma ya ci gaba da lissafinsa. Abin da ya iya yi mana sallama da Hausa kowace safiya, ya iya yabo da Hausa, ranar da magana ta zama ta ƙafar mutum sai ya koma Turanci ya yi ƙasa da murya. Da Ɗanlami ya kira masu tsarin, suka ba shi haƙuri da ladabi, suka ce yana cikin takardar da Baba ya dangwala wa yatsa. Wannan ita ce amsar tambayar da na yi wa yarinyar nan ranar farko.

Likitar ba ta ɓoye mana ba. Ta ce yankewa ta zama dole, abin da ba a sani ba shi ne daga ina. In ruɓar ta tsaya, yatsu. In ta ci gaba, ƙasan gwiwa. Ta ɗauki biro ta zana layi a kan ƙafar inda jan ya tsaya, ta ce a sa ido.

Kwanakin nan ba zan manta su ba. Ruwa a hannu, allurar insulin, allurar kashe ƙwayar cuta da sai an fita waje an sayo. Na sayar da tumakina, Ɗanlami ya karɓi albashin gaba. Ina kwana a tabarma a baranda da sauran masu jinya, kowace da nata. Da gari ya waye in shiga in ɗaga zane in dubi layin biro. Ban taɓa karatu ba, amma layin nan na karance shi kamar allo. Mutanen benci suka riƙa zuwa bibbiyu da lemo da ayaba, aka ce ba ya sha, suka zauna suka shanye a gabansa yana zaginsu. Sunday ya tsaya a bakin gado yana kuka kamar yaro, ya ce shi ya fara. Malam ya ce, "Rufe mini baki, ƙato da kai. Ni na tsira ka ko kai ka tsira ni?"

Jan ya matso layin, ya taɓa shi, ya tsaya. Allah Ya tsayar da shi. Aka shiga da Malam, aka cire yatsu uku da ɗan abin da ke bayansu. Diddige ya tsira, tafin ƙafa ya tsira. Washegarin aikin, wayar da ke cikin jakar Ɗanlami ta yi sallamarta, ta ce an kwana biyu ba a auna ba, a daure a ci gaba da ƙoƙari irin na baya. Ɗanlami ya kashe ta.

Ba zan ce muku ku jefar da naku ba. Likitar da ta ceci ƙafar ma ta ce abin yana taimakon mutane da yawa, kuma ita na yarda da ita, don ta taɓa ƙafar da hannunta. Amma ni har yanzu ban sake da shi ba. An yi shi ne domin mutumin da ke zaune shi kaɗai da kayansa shi kaɗai, mu kuwa ko allurar ɗinki aronta ake yi. In an ba ku, ku tambaya da bakinku me yake kaiwa, wa yake kai wa, wane mutum mai suna za ku kira. Kada jinin kowa ya hau na'urar mara lafiya, ko na limamin unguwa ne. In kuma idonku ya ga abu, hancinku ya ji, waya ta ce kore, ku ɗauki mara lafiyarku ku tafi.

Mun dawo gida damina na ƙarewa. Sati-sati muna komawa wanki, har wurin ya haɗe. Da aka ce zai iya takawa, Ɗanlami ya kira mai gyaran takalmi ya zo har gida, ya auna, ya ce zai cusa soso a gaban na dama don kada ƙafar ta riƙa zamewa. Ya faɗi kuɗinsa.

Malam ya ce, "A'a, ɗan nan. Ƙafar ta ragu, kuɗin ma ya ragu."

Ranar Juma'ar da aka kawo takalmin, ya yi wanka, ya sa farar riga, ya ce ba mai riƙe shi. Ɗanlami ya miƙo hannu, ya ture. Na bi shi har bakin ƙofa na tsaya a bayan labule. Ya dafa sanda, ya ɗaga ta dama, ya ajiye, ya ɗan karkata. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga ta hagu. Masallacin ba nisa, amma ya daɗe a hanya, mutane na wuce shi suna gaishe shi yana amsawa. Ban koma ciki ba sai da na ga ya tsaya a bakin masallaci, ya sunkuya, ya cire takalminsa da kansa.